Bidiyon Inna a Ma'ajiyar Ofis

Yaya,

Ina gaisuwa. Yaya yara, yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai dai kwana uku ke nan ba mai amsa gaisuwata a ofis.

Ka tuna dogon bidiyon da ka turo, na Inna a sabon ɗakinta? Garin sauri na haɗa shi da aikina, na tura cikin ma'ajiyar kwamfuta da mu arba'in ke ɗibar aiki. Ashe manyan fayiloli rumbunsu daban, adireshinsu kawai ake sawa a ma'ajiyar. Ba wanda ya gaya mini!

Na goge shi, amma a banza, don manhajar ma'ajiyar ba ta mantuwa, tana riƙe da kwafin duk abin da aka taɓa sawa. Saboda nauyin bidiyon, abin da ake saukewa a minti biyu yanzu sai an wuni. Shugabanmu ya tsaya a kaina ya ce, "Wace tsohuwa ce ta tsayar mana da aiki?" Na haɗiye fushi na ce mahaifiyata ce.

Ran Litinin masu kula da ma'ajiyar za su kankare bidiyon gaba ɗaya, ga shi garin ruɗewa na goge na wayata. Don Allah kar ka goge naka. Ban ma kalle shi har ƙarshe ba.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙanwarka