Makullin Ɗakin Inna

Anti, ki taimake ni da shawara. Amma bari in fara jan kunnen masu karanta wannan fili: duk wanda ya bar uwarsa a hannun maƙwabta, ya sani godiyar waya ba ta fitar da shi.

Innarmu ta rasu watan jiya. Ita kaɗai take zaune a ɗakinta, ta ƙi dawowa wurina, wai hayaniyar yarana tana sa mata ciwon kai. Ranar da jikinta ya rikice, makanikin bakin layi ne ya bar aikinsa ya kai ta asibiti, hannunsa duk baƙin mai. Mai shagon kusa ya rufe shago ya bi su. Da aka yi rasuwar, matan layin suka cika gidan, wannan shara, waccan girki, ba wadda ta jira a roƙe ta. Ni zama kawai na yi kamar baƙuwa. Allah ya saka musu da alheri.

A cikinsu akwai wata dattijuwa mai wanki da guga, Inna tana kiranta Ƙawa. Ita ke riƙe da makulli na biyu. Kullum da safe sai ta buɗe ta duba Inna, ta ba ta magani, su zauna musun wa ya girmi wani. A hannunta Inna ta cika. To Anti, har yau ba ta daina zuwa ba. Ta buɗe taga, ta kakkaɓe gado, ta ba shukar Inna ruwa, ta ɗan zauna a kujerar da ta saba zama, ta kulle ta tafi.

Yanzu ƙanena ya sami mai kama hayar ɗakin. Ya ce in karɓo makullin, in kuwa nauyi nake ji, shi zai canza kwaɗon kawai. Ya ce ai ya tura wa kowa godiya ta waya, har da hoton fure. Yaran yanzu ke nan, fure ne zai maye gurbin durƙuso. Ban hana shi ba da haya ba, yana da iyali, yana cikin matsi. Amma na sha zuwa ƙofar Ƙawa in juyo ban yi sallama ba. Ina cikin girki sai in tsaya, in hango ta a raina wata safiya tana ta juya makulli ya ƙi buɗewa.

A gidana dai na kafa doka: duk yaron da ya bi ta layin Inna bai shiga ya gai da Ƙawa ba, kada ya zo mini da zancen sauri yake yi. To makullin fa, ya zan yi?

Uwar Samari

AMSA

Uwar Samari, Allah ya jiƙan Inna, ya ba ku haƙuri.

Ƙanenki bai yi laifi ba don yana son hayar, ɗaki ba zai zauna a rufe har abada ba. Laifin shi ne a canza kwaɗo ba da saninta ba. Ke kuma wannan nauyin da kike ji, in ya daɗe, shi zai ja mata wulaƙancin da kike gudu.

Ki lura da abu ɗaya: ku an yi muku ta'aziyya, ita wa ya yi mata? Ita ma rashi ta yi. Ki ɗauki ƙanenki ku same ta da safe a ɗakin, ku fara yi mata gaisuwar ƙawarta. Sannan ki gaya mata gaskiyar hayar da bakinki, ki roƙe ta ku tattara kayan tare. Kujerar da shukar ku ba ta. Makanikin da mai shagon ma ƙanenki ya je musu da ƙafarsa.

Makullin kada ki tambaye ta. In ta miƙo, ki karɓa da hannu biyu. In ba ta miƙo ba, nata ne, ku canza kwaɗon bayan ta sani.

Dokarki ta yi kyau, amma ke za ki fara bin ta: gobe in kin isa ƙofarta, ki yi sallama. Allah ya bar zumunci.