Kujerar Tainara a Bayan Ajina

Litinin, 6 ga Maris
Yau shugaban makaranta ya ce daga yanzu kowace Laraba za a zauna a bayan ajin kowa a ga yadda yake koyarwa. Wa zai zauna a nawa? Tainara! Tainarar da na koya wa haruffa tana majina har haɓa, wai ita ce sabuwar mai duba malamai. Shekara ashirin da bakwai ina riƙe da aji biyu, ajin da ba a ba kowa a garin nan sai wanda aka yarda da hannunsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Laraba, 8 ga Maris
Ta zo. Na ba ta kujerar nan mai karyayyar ƙafa. Da gangan.

Laraba, 12 ga Afrilu
Yarana ashirin da huɗu sun kama hanya, saura Maiara. A Nuwamba baƙuwa za ta zo daga ofishin ilimi, kowane yaro ya shiga shi kaɗai ya karanta mata, malamarsa na waje. Uwar Maiara, Dona Creuza mai wanki, kullum sai ta tare ni a ƙofa: "Malama, ta fara?" Na ce ta fara. Ai ta fara, a gabana tana karantawa sumul.
Bayan an tashi Tainara ta kawo mini kofi, sai murmushi take yi. Na san da magana. Har yau Gwaggo take kirana, kamar duk ɗalibaina.
"Gwaggo, kin san sau nawa kika faɗa wa Maiara kalma kafin ta buɗe baki? Sha ɗaya. Ba littafi take kallo ba, leɓɓanki take kallo."
Na ce, "Ke yarinya, wa ya koya miki karatun da kike rubuta ƙaryar nan da shi?"
"Ke ce, Gwaggo. Ni ma sai da na ƙware a karanta bakinki kafin na iya na takarda."
Har da dariyarta. Wai in yaro ya tsaya, in ƙirga biyar a zuci kafin in tanka. Raina ya ɓaci, ko kofin ban sha ba.

Alhamis, 13 ga Afrilu
Na ba mijina Valdemar labari yana cin dambun masara. Ya ce, "Zuleide, shekara talatin ban taɓa ƙarasa magana a gidan nan ba, ke kike ƙarasa mini." Na ɗauke man shanun daga gabansa.

Talata, 18 ga Afrilu
Na gwada, don kawai in ƙaryata ta. Na rufe baki da littafi. Maiara ta ɗago tana neman fuskata, ta rasa, ta yi tsit. Ko kalma ɗaya. Wayyo ni! Ashe tausayina ne ya hana yarinyar mutane karatu. Kunya ta ishe ni.

Juma'a, 19 ga Mayu
Ƙirga biyar ya fi naƙuda. Ɗaya, biyu, harshena na ƙaiƙayi. Yaran sun gane, da na motsa baki sai su ɗauka gaba ɗaya: "Gwaggo, ba a kai biyar ba!" 'Yan nema. Yau a kan huɗu Maiara ta ce "a-gwa-gwa" da kanta, sai ajin ya kaure da tafi har malamin aji uku ya leƙo. Na yi rawa a gaban allo, da gwiwar nan tawa.

Juma'a, 23 ga Yuni
Bikin São João, na lokacin girbin masara, a filin makaranta, gasasshiyar masara ko'ina. Maiara ta ja ni tana karanta mini sunayen rumfuna ɗaya bayan ɗaya. A hankali, amma nata ne.

Litinin, 16 ga Oktoba
Jiya Ranar Malamai. Tsofaffin ɗalibaina sun cika mini falo, har da likitan da ya ce har yanzu tsoron jan birona yake yi. Tainara ta kawo alewar yazawa. Na ce sukari ya yi yawa. Na cinye.

Talata, 21 ga Nuwamba
Baƙuwar ta zo. Da aka kira Maiara na laɓe a jikin taga, Dona Creuza na gefena da kumfar sabulu a hannu. Maiara ta karanta layi biyu, ta tsaya. Shiru. Bakina ya buɗe da kansa, sai na ji hannu ya toshe shi. Tainara. Muka ƙirga tare. A kan biyar yarinyar ta ɗora, ba ta sake tsayawa ba har ƙarshen shafi.
Dona Creuza ta rungume ni ta jiƙa mini riga, tana cewa, "Malama, hannunki albarka." Na yi kuka, ban ɓoye ba. Na nuna mata Tainara da yatsa.

Laraba, 22 ga Nuwamba
Na sa Valdemar ya gyara ƙafar kujerar nan. Ba don kowa ba, kada ta ka da yaro ne. Na kuma matsar da ita kusa da taga. Daga can an fi ganin bakina.