Ba Askata Ba Ce, Jinin Yaran Ne

Malam mai ba da shawara, don Allah ka agaza mini, abin ya ishe ni.

Ni wanzami ne a ƙasar Roni, gado na yi, shekara ashirin da biyu ina riƙe da aska. Shekara huɗu ke nan na yi wa ɗan Daudu maƙwabcina kaciya tare da yara takwas. Takwas ɗin suka warke, shi jininsa ya ƙi tsayawa. Garin bagaruwa, toka, rubutu, babu abin da ban gwada ba, kwana uku ya rasu. Bara waccan na yi wa ƙanensa, haka aka sake yi. Shi ke nan, wai hannuna ne! Yanzu ko aski ba a kawo mini.

Ba ma wannan ne ya fi ci mini rai ba. Tasalla, uwar yaran, wanta ma haka ya rasu a hannun mahaifina. 'Yan matan gidan kuwa ƙalau suke. Saura ƙanensu Mamuda, ɗan shekara bakwai, wanda ko tuntuɓe ya yi sai gwiwarsa ta kumbura. Daudu ya aika garin Babura a zo da wani wanzami, wai mai sa'ar hannu, ya yi wa Mamuda kaciya da an gama girbi. Na je na faɗa masa jinin yaran ne, kada a yi, ya ce hassada ce, ya kore ni a gaban mutane. Wallahi haushi kamar ya kashe ni. In zuba ido ne?

Wanzamin da aka ƙaurace wa.

Malam wanzami, kada ka zuba ido. Na tambayi wani likita, ya ce akwai ciwon da ake gado ta wajen uwa, maza yake kamawa, jininsu ba ya daskarewa. Ba laifin askarka ba ne, ba na Tasalla ba ne, kada a koma kanta.

Amma kai ma ka yi wauta. Mutumin da ya binne 'ya'ya biyu bayan askarka, daga bakinka zai ji magana? Kuma shi Daudu ba mugunta yake yi ba, tsoro yake ji a riƙa yi wa ɗansa gorin rashin kaciya. Ka bar zancen wanke sunanka tukuna. Ka sami liman da dagaci, ka lissafa musu mamatan nan uku, su kira Daudu su faɗa masa rai yana gaba da kaciya. A kai Mamuda asibiti a Kano a duba jininsa kafin kowa ya taɓa shi.

In Daudu ya ƙi ji, ka tafi Babura da ƙafarka. Ɗan'uwan sana'arka ne, in ya ji abin da ya same ka, ba zai buɗe zabirarsa ba.

Allah ya raya Mamuda, ya sanyaya maka zuciya.