Atamfar Inna ta Dawo

Daren Laraba, Karshi

Ƙyallen nan da bai fi tafin hannuna ba shi kaɗai ya rage daga atamfar marigayiya Inna. Na gaji da zagaya kasuwar Garki, kowa ya ce an daina yin irinta.

Yau 'yata Rukayya ta ɗauki hotonsa ta sa a kwamfuta. Ta daidaita gefunansa, ta danna wani abu, sai fure ɗaya ya hayayyafa ya cika allon, ko mahaɗi ba a gani. Ikon Allah! Ni da firamare ma da ƙyar na gama, har da sa tabarau ina neman ɗinki.

"Baba, yadi nawa za a buga maka?"

Na buɗe baki zan zolaye ta, amma Inna nake gani cikin atamfar nan tana shanya a tsakar gida.