Ƙorafi Kan Dakatar da Malam Polycarp Saboda Rigar Mai Baya

Khalid Sabo Daurawa,
Layin Masu Faci, Gyaɗi-Gyaɗi,
Kano.
16 ga Disamba, 2024.

Zuwa ga:
Mai girma Alhaji Magaji Babban Giji,
Shugaban Kwamitin Dattawa,
Ƙungiyar Mahaya Keke ta Zumunci, Tarauni.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HUKUNCIN DA AKA YANKE WA JAGORAN TAFIYARMU TA KANO ZUWA LEGAS

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da ƙorafi kan hukuncin da kwamitinka ya yanke ranar Lahadi, 8 ga Disamba, na dakatar da Malam Polycarp Jideofor har shekara biyu tare da cire shi daga jagoranci. A aji huɗu na bar sakandare, saboda haka a yi mini afuwa idan takardar ba ta bi tsari ba.

1. Kwamiti ya ce Malam Polycarp ya tashi ayari daga Abaji ranar Laraba, 13 ga Nuwamba, bai ƙirga mutane ba, har aka bar ɗaya daga cikinmu, Zakariyya, a baya. Amma a ƙungiyarmu ba a ƙirga kai a kowane zango. Akwai riga ruwan ɗorawa da mai baya, wato na ƙarshen ayari, yake sawa, kuma dokarsa ɗaya ce: ba ya wuce kowa. Da jagora ya hango rigar ta iso, ya san kowa ya iso. Haka muka yi tun daga Gyaɗi-Gyaɗi, kwana biyar, ba wanda ya ɓata.

2. Ni ne mai baya a wannan tafiya. Malam Polycarp da kansa ya sa mini rigar a gaban shagonsa na gyaran keke, don ya san ba na iya zama wuri ɗaya, yana so in koyi haƙuri. Kafin mu shiga Abaji sarƙar keken Zakariyya ta zame. Na tsaya kamar minti biyu. Akwai gangara mai daɗi a gabanmu, ina hango sauran suna sulalawa. Zakariyya ya ce in je zai iso, ni kuwa dama abin da nake jira ke nan. Na wuce shi da rigar a jikina. Da na isa Abaji, Malam Polycarp ya gan ni, ya ɗaga mini hannu, ya busa usur, muka tashi. Ban ce masa komai ba. Na ɗauka Zakariyya zai cim mana.

3. Zakariyya ya yi ta sauri shi kaɗai don ya same mu, wata tirela ta matse shi, ya faɗa kwalbati, kafaɗarsa ta karye. Shi ne yake jan mu salla. Sai da muka tsaya la'asar muna waige-waigen liman, Malam Polycarp da yake gadin kekuna idan muna salla ya ƙirga, ya ga sha uku maimakon sha huɗu. Shi ya juya ya tuƙa kusan awa guda har ya same shi a rumfar wata mai sayar da doya. Ba a rubuta wannan a rahoton kwamiti ba.

4. Kwamiti bai kira Zakariyya ba, wai yana jinya. Bai tambayi wanda ya sa rigar ba. Ina zaune a wurin, a benci na biyu. An tambayi Malam Polycarp ko yana da abin cewa, ya ce shi ne jagora, ya karɓi laifin. Bai ko kalli inda nake ba. Ni kuma na sunkuyar da kai har aka shafa fatiha.

5. Yanzu a unguwa ana cewa ya yar da ɗan mutane a daji. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana gyara mana kekuna. Kwana takwas ke nan ina zagayawa ta bayan layi don kada in bi ta ƙofar shagonsa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon kwamiti ya sake zama kafin a fitar da sunayen masu tafiyarmu ta gaba, wato ta Yola. A ji ta bakin Zakariyya, na riga na je gidansu na faɗa wa mahaifiyarsa, Hajiya Saratu, gaskiya. A janye hukuncin Malam Polycarp, a karanta janyewar a filin da aka karanta dakatarwar, a gaban mutanen da suka ji. Shekara biyun kuma a mayar da ita kaina. Idan kwamiti ya ga ta yi kaɗan, ba zan ɗaukaka ƙara ba.

Malam Polycarp bai san na rubuta wannan takarda ba. Da ya sani da ya hana ni.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Khalid Sabo Daurawa
Mamba mai lamba 27