Taswirar Auta da Dakalin Babanta

Zuwa ga ƙanwata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan, ya raba ki da shi gaba ɗaya. Mu nan lafiya lau. Inna ta warware, har ta koma yi mana faɗa a kan gishiri, kin ga kuwa sauƙi ya samu. Yayanmu ma ya leƙo ranar Asabar, ya ƙara ƙiba, amma ya ce rigar ce ta tsuke.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne 'yarki Auta. Tun da ta shiga aji huɗu na sakandare aka fara koya musu labarin ƙasa, ba mu sake hutawa ba. Idan na ce hadari ya taso, sai ta gaya mini sunan gajimaren. To, watan jiya malamarsu ta ba su aiki, kowa ya zana taswirar layinsu, ya nuna da kibiya inda ruwan sama yake bi. Kin dai san shekara shida ke nan ruwa na shigo mana tsakar gida duk damina, kuma shekara shida ke nan babansu ba ya gaisawa da tela maƙwabcinmu, wai tudun simintin da ya yi a ƙofar shagonsa ne yake karkato mana ruwa. Da ya ji aikin da aka ba Auta, har da tafi. Ya ce yau ilimi zai tona asirin tela.

Ranar Lahadi da hantsi yarinyar nan ta jiƙa shuɗin wankina a bokiti, ta hau can saman layi ta zuba a kwata, tana bin ruwan da littafi a hannu. Babanta kuwa ya sa sabuwar riga, ya kira mai aski da mai gyaran babur su zama shaidu. Ni ina leƙe daga ƙofa. Ruwa ya gangaro, ya zo ƙofar tela, ya wuce abinsa salin-alin, ko waiwaye bai yi ba. Da ya iso dakalin da babansu ya gina da hannunsa don shan iska, nan ya tsaya, ya taru, ya yi kwana, ya shigo gidanmu har kan ƙafata.

Babansu ya ce bokitin ne ya yi kaɗan, a sake. Aka sake. Ya ce wadda ta zuba ba ta iya zubawa ba, ya karɓa da kansa. Bokiti na uku ma gidanmu ya shigo, ya shuɗa mini tabarma. Sai ya ce ai Auta ta riƙe taswirar a juye ne, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce masa ruwan bai ga taswirar ba. Mai aski ya shige shago da gudu, muna jin dariyarsa ta bango. Tela kuwa keken ɗinkinsa kawai yake takawa, amma kafaɗunsa na rawa.

Bayan an watse babanta ya kira ta ɗaki yana lallashi, wai ta ɗan lanƙwasa kibiyar kaɗan, ba wanda zai sani. Ta fashe da kuka, ta ce ba ta son kunyata shi, amma ba za ta kai wa malama ƙarya ba. Nan fa tausayinsu su biyun ya kama ni. Kwana biyu ba ya kallon kowa. A na uku sai na ji ƙarar guduma, na fito na tarar yana fasa dakalin, gumi sharkaf. Can sai ga tela da shebur, ya yi sallama, babansu ya amsa ƙasa-ƙasa, suka kwashe ɓaraguzan tare. An yi ruwa sau biyu tun daga lokacin, tsakar gidanmu ƙamas. Da yake ba shi da wurin zama yanzu, a bencin tela yake yini, yana gaya wa duk wanda ya wuce cewa shi dama ya daɗe yana zargin dakalin nan, shi ya sa ya sa yarinyar bincike.

Auta ta ce in roƙe ki ta zo wurinki hutun nan, ta ji kina kukan ruwa na kwanciya a bayan kicin ɗinki. Ni ban hana ba, sai dai kafin ki amsa, ki tambayi maigidanki ko akwai abin da ya gina da hannunsa.

Ki gaida shi da kyau, da surukarki, da 'yan biyu, da takwarata. Inna da Yaya da Auta suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki