Bakina Ya Jawo An Riƙe Garin Launin Yayana

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kunya ta hana ni sakat.

Ni ma'aikaciyar kwastan ce, sabuwa, har yanzu kakina bai saki guga ba. Yayana kuma yana da ƙaramar masana'antar fenti. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya kai ni makaranta. Wata rana muna cin abinci a gidan Inna yana kukan harajin da ake ɗora wa garin launin da yake shigowa da shi, sai rawar kai ta ɗebe ni. Na ce ai kayan ƙasar da ke maƙwabtaka da mu suna da rangwame saboda yarjejeniya, ya koma saye can. Ban tambaye shi a ina ake yin garin ba. So nake kawai a san ƙanwa ta girma.

Ya ɗauki maganata, ya sayo ja da shuɗi kwantena guda. Da aka buɗe don dubawa, sai ga buhunan ciki da tambarin wata ƙasa mai nisa. Ashe can aka sarrafa garin, maƙwabtanmu tankaɗe shi kawai suka yi, suka mayar cikin buhunan, suka sa a gangunansu. Ƙa'idar kuwa na san ta, an koya mana: asalin kaya shi ne inda aka yi shi, ko inda aka sauya shi ya zama wani abu dabam, ba inda ya hau mota ba. Aka riƙe kayan.

Abin da ya fi ci mini rai, Yaya ya zo ofishinmu, a gaban ogana da abokan aikina ya ce ƙanwarsa ce ta ba shi tabbaci, har ya nuna teburina. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanzu in na wuce sai a yi ƙasa da murya, wani ma ya laƙaba mini Gwanar Asali.

Injinan Yaya sun tsaya. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Matarsa ce ta aiko cewa in roƙi ogana a ɗauki tankaɗen nan a matsayin sarrafawa. Inna kuma ta ce ɗan'uwa rabin jiki. Na daina ɗaga wayarsa, har sauya hanya nake kada in bi ta ƙofar masana'antar. In roƙa ne, ko in yi shiru?

Daga Mai Sunkuyar da Kai

'Yata, Allah ya yaye miki. Amma ɗago kan, ki saurara.

Kin yi kuskure, ba zan shafa miki mai a baki ba. Ma'aikaciya ba ta yanke hukunci a bakin kwano. Shi ma Yayanki ɗan kasuwa ne, tambayar mai sayarwa inda aka yi kaya aikinsa ne, kuma ambaton ki a ofis ganganci ne, ko da ruɗewa ce ta sa shi.

Roƙon ogan kuwa, kada ki soma. Kaza ta kwanta kan ƙwan zabo ba ya mayar da shi ɗan tsako. Tankaɗe da sauya ganga ba sa ba garin launi sabuwar ƙasa, kin fi ni sani. Yau ana yi miki dariyar rashin gogewa, wannan tana wucewa. In kika roƙa, sunan da za ki samu ba ya goguwa.

Ki je wurin ogan, ki faɗi yadda aka yi, ki nemi a cire hannunki daga batun. Yaya kuma ya nemi mai sayarwa ya bayyana a rubuce ainihin aikin da suka yi wa garin. In akwai sarrafawa ta gaske, hanyar neman a sake dubawa a buɗe take. In babu, ya biya harajin asalin ƙasar ya fitar da kayansa, domin zaman kaya a sito ba ya haifar da alheri. Kafin wani odan, ya nemi kwastan su yanke hukunci kan asalin kayan tun ba su taso ba.

Sannan ki daina gudunsa. Mutumin da ya raine ki zai jure asarar kwantena, amma kiransa ya yi ta shigowa ƙanwarsa tana kallo, wannan ya fi masa ciwo. Ki je masana'antar da ƙafarki, ki ce Yaya na yi kuskure, kafin ya fara zaton kakin ne ya raba ku.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa ki gama da aikinki lafiya.